Rabin Sandar da Ke Hannun Maƙwabta

Litinin, 18 ga Disamba, 1704

Yau banki ya daina biyan azurfa. Maigidana Ninian ne ya kawo labarin. Ya shigo shago a guje, hula a hannu, fuska sai annuri. Na ce, "Maigida, gari na kuka kana murna?" Ya ce ba murna yake ba, amma dai shekara uku ke nan yana gaya musu haka za ta faru. Su wa? Abokan shan gahawarsa, waɗanda duk cikinsu babu mai riga biyu.

An yi ta raɗe-raɗin za a yi shela a ƙara wa azurfa daraja, shi ne kowa ya ruga banki da takardarsa, ya karɓo tasa ya tura ƙarƙashin katifa yana jiran ta yi ƙiba. Yanzu ba ta banki, ba ta kasuwa.

Burodi arba'in da biyu na gasa. Bakwai aka biya. Sauran duk bashi ne, na sanda.

Laraba, 20 ga Disamba

Mun yi 'yar gardamarmu ta kullum. Yana zaune bakin tanderu yana gasa ƙafa, ya ɗaga kai ya dubi sandunan da ke rataye a bango, talatin da ɗaya yanzu, ya ce wai a Edinburgh, a wannan zamanin, matar mai ilimi tana lissafi da itace. Na ce ya nuna mini takardar da ta fi su. Itace ɗaya na fasa gida biyu, rabi a bangona, rabi a gidan mai saye. Ya ɗauki burodi bai biya ba, mu haɗa, in ja wuƙa sau ɗaya ta ratsa duka biyun. Ba mai ƙarawa, ba mai ragewa, don dole tsaga ta hau kan tsaga. Haka babana Gavin ya yi, kuma da cikinsa a cike ya mutu.

Ya ce, "Uwargida Bethia, ke fa ba ki san ke banki ce ba." Na ce bankin da bai rufe ba.

Ƙasidar da yake rubutawa ta kai shafi sittin. Wai ƙasa ba talauci take yi ba, kuɗin juyawa ne babu. Gonaki na nan, tumaki na nan, hannuwa na nan, a buga takarda a jingina ta da gona, a huta da jiran azurfar da jirage ke kwashewa. Yana so majalisa ta karanta in ta zauna da bazara. Mutumin da ya zuba fam ɗari uku na gadon babana a jiragen fatauci da aka tura Darien, can hayin teku, ko igiya ba ta dawo ba, shi zai koya wa ƙasa riƙon kuɗi. Tun daga shekarar jakar kuɗi a ƙuguna take, ko sisi ba ya bi ta hannunsa.

Duk da haka ya ɗumama mini takalma a bakin tanderu kafin in fita. Kullum sai ya yi, kuma kullum sai ya yi kamar ba shi ba ne.

Juma'a, 22 ga Disamba

Hew mai niƙa ya zo da kansa. In Hew ya taka ya zo, ba alheri. Bai ko zauna ba. Fam sittin na garin alkama, yana so zuwa biyu ga Fabrairu, ranar da kowa ke warware bashi, in ba haka ba ko ludayi ɗaya ba zai ƙara aiko mini ba. Ya ce, "'Yar Gavin, kin san ba halina ba ne. Ni ma a maƙogwaro aka riƙe ni."

Ninian ya zaro takardar bankin nan tasa ta fam goma sha biyu, wadda aka biya shi da ita ladan kwafe wata wasiyya, ya miƙa masa da hannu biyu. Hew ya dube ta, ya dube shi, ya ce, "Malam, dutsen niƙa ba ya karatu."

Na fi fam sittin a bango. A jaka kuwa fam uku da sule huɗu. Tanderun nan bai taɓa kwana uku a mace ba tun zamanin kakana, ko a shekarun yunwa. Ba a hannuna zai fara ba.

Lahadi, 24 ga Disamba

Mai wa'azi ya ce zunubanmu ne suka kori azurfa. Ninian ya raɗa mini cewa ashe zunubi ma ya san hanyar Holland. Na taka masa ƙafa.

Talata, 26 ga Disamba

Ya dawo da gahawa a gaban riga. An yi ta a can. Wani ya ce a hana shigo da siliki da giyar Faransa, wani ya ce a yi shelar kawai a huta, wani ya ce mu haɗe da Ingila, aka kusa jefa shi waje ta taga. Da Ninian ya tashi da maganar takarda da gona, wani tsohon ɗan kasuwa ya tambaye shi ko in mutum ya je Danzig sayen katako, gonar zai naɗe ya sa a aljihu. Aka yi ta dariya. Ya ba ni labarin yana dariya shi ma, amma kunnuwansa sun yi ja.

Ni kaɗai nake da izinin yi masa dariya. Da ina wurin da tsohon ya ji babu daɗi.

Shafukan da ya ɓata yakan jefa a kwandon gefen teburinsa. Shekara biyu ke nan ina kwashe su ina shimfiɗawa a gindin kwanon gashi, ba sa bari kwaɓi ya kama. Bai sani ba. Takarda mai kyau yake saye, wannan kam na yaba masa.

Alhamis, 28 ga Disamba

Masu kawo ƙirare sun daina shigowa gari, sun ce ba sa sayar da itace a karɓi alkawari. Abin da ya rage ba zai kai gashin sabuwar shekara ba, ga shi gida goma sha tara sun ce in yi musu burodin zabibi.

Juma'a, 29 ga Disamba

Na taka har bakin rafi wajen Hew in roƙi ƙarin lokaci. Ya ba ni kujera, ya ba ni madara mai ɗumi, bai ba ni ko kwana ɗaya ba. Na bar wa Ninian shago wuni guda. Na dawo na tarar da shi da tawada har a hanci, yana rera zabura da muryar nan tasa da ba ta taɓa haɗuwa da karin ba. Na ce me ya faru. Ya ce gobe zan gani.

Ba na son in ji ya ce gobe zan gani.

Asabar, 30 ga Disamba

Dole in rubuta wannan.

Shi ya hura tanderu yau, ya ce in bar masa, in ji da kwaɓi. Wuta ta kama da kyau har na yi mamakin inda ya sami busasshen itace. Na gasa na zabibin duka, aka zo aka ɗauka. Sai da hantsi Dod mai amalanke ya shigo da rabin sandarsa zai ɗauki burodi uku. Na juya in ciro nawa rabin. Bango fayau, ƙusoshi kawai.

Ninian ya miƙe yana murmushi, ya ce kyautar sabuwar shekara ce. Jiya ya zauna ya ƙirga kowace tsaga, ya kwafe suna da adadi a takarda uku tsaf, to tunda lissafi ya koma takarda, itace ya koma itace. Ga matsalar ƙirare ta warware, ga shago ya shiga zamani.

Na ce ya kawo takardun. Ya je teburinsa. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan. Ya duba ƙasa, ya duba aljihu, ya zazzage littafin zabura. Murmushin ya tafi a hankali.

Na wanke shi tas a gaban Dod. Na ce teku ta ci gadon babana ta hannunsa, yau wuta ta ci gumina ta hannunsa, saura iska da ƙasa, su ma ya ba su nasu rabon. Na ce da wanda ba ya iya karatu na aura da yanzu ina da gida biyu. Dod ya ajiye burodin ya sulale. Ninian ya tsaya tsuru-tsuru da hannuwa a gefe, sai can ya ce, "A kan teburi na ajiye su, ƙarƙashin kwalbar tawada."

Wani abu ya ɗarsu a raina da ya faɗi haka. Na kore shi.

Litinin, 1 ga Janairu, 1705

Na yanka namu burodin zabibin, na ɗaga takardar gindinsa zan jefar. Ta yi ja, ta sha mai. A gefe ɗaya da bai ƙone ba, da kyakkyawan rubutun nan nasa: Elspeth Muir, 22.

Takardun kwandon ba su isa ba ranar Asabar, ina sauri, na ɗebi uku a kan teburi na yayyaga. Na ɗauka ƙasida ce. Ban duba ba. Yaushe rabon da in duba abin da ya rubuta?

Lissafina yana gindin burodi a gida goma sha tara.

Na cusa guntun a cikin wannan littafin. Yana can yana shan kununsa ba gishiri, don ya ce bai cancanci gishiri ba. Zan gaya masa. Ba yau ba, yau sabuwar shekara.

Laraba, 3 ga Janairu

Ya sa rigarsa ta coci ya fita. Ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara: zai bi gida talatin da ɗaya ya roƙe su su kawo nasu rabin. Na ce ai kowa ya ji labari, duk mai hankali zai jefa nasa a wuta ya ce ya ɓace, ga sanyi ga dalili. Ya ce, "To mu gani ko lungun nan na masu hankali ne."

Na leƙa ta taga ina kallon bayansa. Ya rame. Dusar ƙanƙara na sauka a kan hular, yana tsaye a ƙofar Dod yana gyara wuyan riga kafin ya ƙwanƙwasa. Na so in kira shi. Sai na tuna burodi na cikin wuta.

Asabar, 6 ga Janairu

Tara sun kawo. Yara na bin sa a lungu suna kiransa Mai Ƙona Bashi. Ya ce sunan bai yi muni ba, zai iya zama kan ƙasida.

Talata, 9 ga Janairu

Mista Pringle, magatakardan lauyan da ke saman bene, ya ce shi bai san wata sanda ba, kuma a shari'a bashin da ba shaida ba bashi ba ne. Na san tsagarsa ta haura saba'in, don shi fari yake ci, ba ya cin na sha'ir. Duk lungun nan shi ne ya fi kowa karatu. Na gaya wa Ninian ya sa wannan a ƙasidarsa. Ya ce zai sa, shafi guda.

Alhamis, 11 ga Janairu

Gwaggo Elspeth ta sauko da kanta, benaye biyar, da ƙafar nan tata. Ta kwance rabin sandarta daga cikin tsumma ta ɗora a kan kantar shago. Na ƙirga, arba'in da ɗaya. Na san ashirin da biyu ne, kuma ba zan iya faɗin inda na sani ba. Na ce, "Gwaggo, an yi kuskure, naki bai kai haka ba."

Ta ce, "Ke yarinya, kin ɗauka makauniya ce ni? Sau nawa kika karɓi sandar nan kika juya baya kika kankare iska da wuƙa? In na hau sama sai in yi tsagar da kaina. Ni ba na cin sadaka, ko ta 'yar Gavin."

Na shiga ɗakin gari na yi kukana. Da na fito na tarar Ninian ya zaunar da ita bakin tanderu yana yi mata bayanin takarda da gona, tana gyaɗa kai tana gyangyaɗi.

Lahadi, 14 ga Janairu

A coci aka karanta wurin masu shaidar zur. Ban ɗaga kai ba.

Alhamis, 18 ga Janairu

Ashirin da bakwai cikin talatin da ɗaya. Ban taɓa zato ba. Wasu da ba su da ko gawayi a ɗaki sun kwana da busasshen itace a ƙarƙashin matashi ba su ƙona ba.

Amma me? Sanduna sun dawo, azurfa ba ta dawo ba. Kowa ya yarda ana bin sa, kowa ya juye aljihu. Abin da aka tattara da wanda ke jaka, fam shida. Saura kwana goma sha biyar, garin da ke ɗaki kuma da ƙyar zai kai.

Ninian tari yake yi, yawon nan ne cikin sanyi. Na dafa masa madara da zuma, na ce kada ya ɗauka na huce ne, ba na son a ce na kashe miji da gangan. Ya ce ya sani. Ya sha yana kallona ta saman kofi. Wani irin kallo ne, ban gane masa ba.

Laraba, 24 ga Janairu

Ya dawo da rana tsaka yana haki, ya ture mini kwanuka, ya barbaɗa gari a kan katakon kwaɓi ya fara zane da yatsa. A yawon gidajen nan kowa ya ba shi labarin wanda ya riƙe masa kuɗi. Dod ya ce da Hew ya biya shi ladan dakon hatsi da tuni ya biya ni, har ya rantse ba zai ƙara ɗaukar masa buhu ba. Maƙeri ya ce shi ma Hew ne, kuma ƙarfen dutsen niƙan ya tsage, ba zai taɓa shi ba sai ya ga kuɗinsa.

"Duba, uwargida. Hew na bin ki, kina bin Dod, Dod na bin Hew. Ku uku kun yi da'ira kowa ya shaƙe wuyan na gabansa, kuna jiran sule ɗaya ya zo ya zagaya ya koma inda ya fito. To in bai zo ba fa?"

Na ce in bai zo ba mu mutu. Ya ce ko kuma kowa ya saki wuya.

Na daɗe ina kallon zanen. Na ce ya share mini katako, gari tsada yake.

Juma'a, 26 ga Janairu

Ya tafi bakin rafi a ƙasa da tarin nan. Hew ya ce shi ba ya shiga wasan yara. Ya koma da yamma. Gobe ma zai koma.

Laraba, 31 ga Janairu

Sun zo da azahar, Hew da Dod da maƙeri, kowa na hararar kowa. Na ba su burodi mai zafi don bakinsu ya sami abin yi. Ninian ya jera sanduna a kan kanta. Na Dod fam goma sha tara, na maƙeri goma sha biyar. Ya ce Hew ya sauke mini talatin da huɗu, ni in sauke wa su biyun, su kuma su sauke wa Hew daidai haka. Ya rubuta a takarda, kowa ya sa hannu ko alama.

Dod ya sosa ƙeya ya ce, "Tsaya, Malam. Ni yanzu an biya ni ko ba a biya ni ba?"

"An biya ka."

"Ina kuɗin?"

Maƙeri ya ce, "Kai da 'ya'yanka shida kun cinye su tun kaka, jaki."

"To ita uwargida wa ya biya ta?"

"Hew."

"Hew da ko aljihu bai taɓa ba?"

Hew ya ce, "Ni ma abin da ke damuna ke nan. Na biya mutum biyu ban ji zafi ba. Anya ba haram ba ne?"

Sai da aka maimaita sau uku da ɓawon burodi a madadin kuɗi, yana zagaya kanta yana komawa hannun Hew, sannan Dod ya buga cinya ya ce, "Au! Ashe duk wahalar nan a kan abin da ba ya zama a hannun kowa muke yi." Ninian ya roƙe shi izinin sa wannan maganar a ƙasida. Dod ya ce a sa, amma kada a faɗi sunansa, matarsa za ta ce ya shiga siyasa.

Na ba Hew fam shida na azurfa. Ninian ya sake zaro takardar bankin, a hankali wannan karon. Hew ya juya ta gaba da baya, ya ce ya ji wakilin mai gonar da yake sayen alkama a wurinsa ya fara karɓa, tunda bankin ya ce zai biya da riba in ya buɗe. Ya ninke ta ya sa a hula. Saura takwas, ya ce sai tsakiyar Mayu. Buhu huɗu za su iso jibi, Dod zai kawo.

Da zai fita ya dafa kafaɗar Ninian ya ce, "'Yar Gavin, ki riƙa barin mutumin nan yana ƙona abu lokaci-lokaci."

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Gari ya iso. Tanderu na ci.

Kowa a lungu yana cewa ya ɓata ya gyara. Shi ma haka yake cewa. Ni kuwa na san ba haka ba ne.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na gaya masa. Bayan gashin safe, yana share toka. Na ciro guntun takardar daga littafin nan na ajiye a gabansa, na ce ni ce. Ni na ɗauka a kan teburi, ni na yayyaga, ni na gasa, kuma tun ranar sabuwar shekara na sani na bar shi yana yawo a cikin ƙanƙara yara na yi masa waƙa. Na ce duk abin da zai faɗa ya faɗa, na cancanta.

Ya goge hannu, ya je ya ɗauko littafin zaburarsa, ya buɗe. Guntun takarda ja mai maiƙo, irin nawa sak. Ya ce Dod ne ya ba shi, ranar farko, a gida na farko. A gindin burodinsu na zabibi suka same ta, har matar Dod ta ɗauka sabon salo ne na aiko wa mutum da bashinsa.

Na ce, "Wata guda? Ka sani wata guda ka yi shiru?"

Ya ce, "Ai ni na ƙona sandunan, wannan ba ƙarya ba ne. Sauran kuwa, shekara biyar kina da gaskiya a gidan nan, Bethia, kin saba. Na ga ba ki san yadda ake ɗaukar rashinta ba. Ni kuwa gwani ne, ba ya yi mini nauyi."

Na ce masa wawa. Ya ce haka ne. Na ce kuma shekara biyu ina gasa ƙasidarsa. Ya ce wannan ma ya sani, shi ya sa yake sayen takarda mai kauri, kuma ta nan ne kaɗai rubutunsa ke shiga gidajen mutane.

Ina son mutumin nan. Na rubuta a nan don ba zan faɗa masa ba, kansa zai yi girma. Na riƙe fuskarsa da hannuwana masu gari, ya wuni da shatin yatsuna a kumatu, ya ƙi wankewa har masu saye suna tambaya.

Talata, 6 ga Fabrairu

Na karanta shafi goma na ƙasidar. Ya yi kuskure a farashin alkama, kuma jimlolinsa sun fi lungunmu tsawo. Maganar gonar har yanzu ban yarda ba, na gaya masa. Majalisa ma ba za ta yarda ba. Ya ce in ci gaba zuwa shafi na ashirin, wai can ne daɗin yake.

An fasa sababbin sanduna. Shi ya fere su. Mista Pringle ya aiko a ba shi fari biyu, na ce a gaya masa azurfa a hannu.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Masu ƙirare sun dawo kasuwa. Ba ni da lokacin fita, kwaɓi ya tashi, shi ya sa na kwance jakar na ba shi ya je ya sayo. Ba wani abu ba ne. Ya tsaya yana kallonta a tafin hannunsa har sai da na daka masa tsawa ya tafi kafin a kwashe masu kyau.

Ya dawo da dami shida. Ya ajiye jakar a kan teburinsa ya ce in zo in ƙirga canji. Hannuna na cikin kwaɓi, na ce anjima.

Tana can har yanzu kusa da kwalbar tawada. Gobe na ɗauke. Ko jibi, gobe akwai aiki da yawa.